Dattijon da Ba Ya Taka Dodo

Mai sharar asibiti ta dogara da tsintsiyarta, ta kasa gane kan dattijon da ke zaune a ƙofar ɗakin tiyata. Gemunsa fari fat, kafaɗunsa kamar na tsohon ɗan kokawa, amma ga shi ya duƙufa kan 'yar waya mai hoton fure, yana wasan tsalle-tsalle. A cinyarsa akwai takarda da rubutun yara: "Mai ƙaya, tsallake shi. Mai fiffike, jira ya sauko. Babban dodo, in ya faɗi, taka kansa sau uku."

Ƙananan dodannin duk ya wuce su. Dodon ya yi aman wuta, ya zube yana haki. Sai dattijon ya ɗage yatsa, ya jira shi. Dodo ya miƙe ya cinye shi.

Mai sharar ta ce, "Baba, ai lokacin ake taka shi!"

"Haka jikata ta rubuta, 'yar nan. Ta ce in gama mata da shi kafin a fito da ita." Ya sosa ƙeya. "To wanda ya riga ya faɗi, ta yaya zan taka shi?"

Dodon ya sake zubewa. Baba ya dubi ƙofar, ya dubi dodon, yatsansa a ɗage a sama.