Kaka Aisa da Ruwan Gashuwa

Ku da kuka tashi a gidanmu na Nguru kun san safiyar Juma'a. Kafin koko, kafin komai, Kaka Aisa za ta jawo jarkarta mai ruwan ɗorawa, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da ludayi a hannu. Mu jikoki mu yi layi, babba a gaba. Kowa ya kurɓa sau ɗaya. Sai ta tsare ka da ido.

"Kai ɗan ina ne?"

"Ɗan Gashuwa."

"Wuce."

Dukkanmu fa a Nguru aka haife mu. Cibiyoyinmu suna binne a bayan ɗakin nan nata. Amma ruwan kogin Gashuwa ne a jarkar, kuma wanda bai kurɓa ba, babu shi babu koko. Ragowar ludayin ta juye a randa, wai don ruwan Nguru ya ji kunya ya gyara halinsa. In an yi haihuwa, ludayi ɗaya a ruwan wankan farko. Amarya za ta fita, ludayi ɗaya. Haka muka tashi muka gani.

Ni Bukar kun san ni, ba ni da yawan magana. Kwale-kwale ya kife da ni sau biyu. 'Yan fashi sun kwantar da ni a rairayi a hanyar Kumagannam. Ban yi kuka ba. Amma akwai abin da na riƙe shekara ashirin da biyu a kan jarkar nan, kuma tunda an yi sadakar arba'in ɗin Kaka, gara in sauke. Ku bari in fara da Kakar ita kanta tukuna.

Ina yaro na taɓa tambayarta.

"Kaka, don me muke shan ruwan nan?"

"Don kuna sha."

"A'a, ina nufin maganin me ne?"

"Uwata ta ba ni na sha, ban tambaye ta ba, ga ni nan da raina. Kai mai tambaya dubi wuyanka kamar na zalɓe. Wuce!"

Na wuce. Har yau amsar ke nan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, tun da aka kawo ta Nguru ba ta sake taka Gashuwa ba. Ga hanya, ga mota. Wata rana Baba, Allah ya jiƙansa, ya kawo mota har ƙofar gida.

"Inna, taso mu kai ki ki ga kogin nan da idonki."

"In na je can, wa zai kawo mini?"

"Ai ga shi a gabanki, Inna. Ki sha har ki gaji."

"Ruwan da ba a kawo ba ruwan kowa ne. Har jakuna suna sha."

Baba ya tsaya ya cire hula, ya mayar. Ya sallami mai motar.

Kun tuna gobarar madafa? Da rana tsaka Goggo Hajja tana suya, mai ya kama, wuta ta lashi jinka. Kowa ya kama abin da ya samu. Randa ta ƙare. Ƙanena Modu ya faɗa ɗakin Kaka ya sungumo jarkar. Tsohuwar da take cewa gwiwa ta hana ta ruku'u, wallahi kafin Modu ya kai tsakar gida ta cim masa. Ta fizge, ta dire, ta zauna a kai.

"Kaka, madafa tana ci!"

"Wutar ina ce?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ta nan ce mana!"

"To a kashe ta da ruwan nan."

Maƙwabta ne suka kashe. Madafa ta ƙone ƙurmus. Da yamma Kaka ta kira Modu ta ba shi ludayi ɗaya, wai ya sha firgita.

Sai shekarar da kogi ya cika ya shiga gidaje a Gashuwa. 'Yan uwanta suka zo gudun ruwa, su goma sha wani abu, da tabarmi da tukwane a ka. Ƙanenta Kawu Saleh ya zube a gabanta yana ba da labari. Ɗaki ya faɗi, rumbu ya tafi, ruwa har ƙirji. Kaka tana ji tana salati, har da hawaye. Da ya gama ta share ido ta leƙa bayansa.

"Ina jarka?"

"Wace jarka, Yaya?"

"Ruwa ya biyo ku har gado, ba sai kun je bakin kogi ba, amma a rasa mai ciko mini? Kai, Saleh, tun kana yaro ba ka da tunani."

Kawu Saleh ya fara dariya, daga nan ya koma kuka, daga nan kuma ban san wanne yake yi ba. Wata uku ta riƙe su a ɗakinta. Ita take kwana a ƙasa.

To, yanzu nawa.

Da na fara fataucin bandar kifi tsakanin Gashuwa da Nguru, ɗebo ruwan ya dawo wuyana. Duk zuwa in gangara kogi in cika jarka, in ɗora a kan kwalayen kifi. Kaka ta karɓa, ta ɗanɗana, ta yatsina fuska ta ce kogin ya lalace, ba kamar na zamaninsu ba. Kullum haka.

Wata Alhamis muna dawowa a-kori-kura ta yi zafi a Jajimaji. Na sauka na zagaya bayan gari. Kafin in dawo direba ya juye ruwan Kaka a lagireto. Duka.

Na ce, "Ka san abin da ka zuba?"

Ya ce, "Ruwa."

Na ce, "Ka kashe ni."

Komawa Gashuwa ba zai yiwu ba, kifi zai lalace. Akwai wata rijiya a gefen tasha. Na cika jarkar. Ruwan ya yi haske da yawa, sai na ɗebi ƙasa kaɗan a bakin rijiyar na zuba, na girgiza. Na shiga gida na dire mata jarkar. Kaka ta tsiyaya a ludayi, ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta lumshe ido. Na fara neman hanyar ƙofa.

"Yauwa!" in ji ta. "Mijina, yau ka gangara inda ya kamata. Wannan shi ne ruwan garinmu. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Me zan ce?

Zuwa na gaba na ce ba zan sake ba. Na shiga kogin har gwiwa, na ciko na gaske. Ta kurɓa ta tofar.

"Wannan fitsarin wace saniyar ce?"

"Kaka, daga tsakiyar kogi na ɗebo."

"Ka fara cuta ke nan? A famfon wa ka tara?"

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Na sake gwadawa sau biyu, sau biyu tana tofarwa. In na kawo na gaskiya in sha zagi, in na kawo na ƙarya in sha albarka. Ni ban yi makaranta ba, amma na gane wanda ya fi sauƙi.

Shekara ashirin da biyu. In je Gashuwa, in wanke ƙafata a kogin, in taho da jarka babu komai, in tsayar da mota a Jajimaji. Direbobi har sun saba. "Bukar, mun iso Gashuwar kakarka, sauka!" Don haka ku ji da kyau. Duk wanda aka haifa a gidanmu bayan an yi wa zaure kwano, da ruwan rijiyar tasha aka yi masa wankan farko. 'Ya'yana ma suna ciki. Ku 'yan Jajimaji ne, ku yi haƙuri.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, wata safiya ta aika a kira ni. Goggo Hajja tana zaune a gefenta tana mata fifita.

"Mijina."

"Na'am."

"Ka je ka ciko mini jarka. Ba ta sha ba ce wannan. Ta wanka ce."

Na gane wankan da take nufi. Na fita.

A mota kaina ya kulle. Ruwan Gashuwa take nufi. In na kawo na kogi, shi ne wanda take tofarwa. In na kawo na rijiya, za a yi wa kakata wankan ƙarshe da ƙaryata, in kuma tsaya in yi mata salla. Ba wanda zan tambaya, don ba wanda ya sani sai direbobi. Da na isa Gashuwa na sayi jarka ta biyu irin tata sak. Na cika ɗaya a kogi na ɗaura mata tsumma a hannu. Ɗayar na cika a Jajimaji, da ƙasarta da komai. Na ce yau za a yi ta ta ƙare.

Na dire su a gabanta. Na durƙusa.

"Kaka, ɗaya na kogi ne, ɗaya na rijiyar Jajimaji ne. Shekara ashirin da biyu na rijiyar nake kawo miki. Ki yafe mini."

Goggo Hajja ta saki mafici. "Innalillahi! Bukar! Har na bikin 'yata Fanna?"

"Har shi."

"Har wanda aka shafa wa babanku a goshi yana jinya?"

"Goggo, duka."

Kaka ba ta ko motsa ba. Ta ce a ɗaga ta. Aka jingina ta da bango. Ta ce a ba ta na farko. Ta taɓa da harshe ta kau da kai. Ta ce a ba ta na biyu. Ta taɓa, ta lumshe ido, ta nuna shi da yatsa.

"Wannan."

Marar tsumma ta nuna.

Na ce, "Kaka, wannan shi ne na Jajimaji."

"Wa ya ce?"

"Ni na ɗaura tsumma a na kogi."

"Harshena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kai kuwa tun kana shekara huɗu kake yi. Wa zan yarda da shi?"

"Wallahi, Kaka..."

"Kar ka rantse a kaina ina kwance. Tsumman nan kai ka ɗaura shi haka?"

Na duba. Ni ɗaurin masunta nake yi, wanda ba ya kwancewa sai da wuƙa. Wannan ɗaurin zarge ne kawai. Sai na tuna a Jajimaji an sauke kaya don a ɗora buhunan gero, an jera jarkokin biyu a ƙasa, direba ya ce mini, "Ga tsummanka nan, na ara na goge hannu, na mayar maka." Ya yanke shi ya mayar. A wace jarka ya mayar? Ban duba ba.

Na zauna daɓas a ƙasa. Na dubi wannan, na dubi waccan. Kala ɗaya, laka ɗaya. Na kurɓi kowanne, ni duk jarka nake ji a bakina.

"Ka gani?" in ji Kaka. "Mutum bai san abin da ya ɗauko yau ba, zai gaya mini na shekara ashirin."

"To ki yafe mini dai."

"Na yafe maka ƙaryar yau. Waccan ta shekara ashirin babu ita, ban sha ba. Tashi ka ba ni wuri, warin kifi kake yi."

Ta kamo kunnena ta ɗan ja, kamar yadda take yi muna yara. Hannun babu nauyi ko kaɗan.

Kwana biyu bayan nan ta cika, da hantsi. Goggo Hajja da mata suka yi mata wanka da jarkar da ta zaɓa. Na bi direban nan har tasha daga baya, na tambaye shi a wacce ya mayar da tsumman. Ya ce shi bai ma tuna ya ga tsumma ba. Ko ta gane tun farko tana wasa da ni ne, ko ba ta taɓa ganewa ba, ko ranar nan ce kaɗai ta faɗi daidai, ni ban sani ba. Kar ku tambaye ni.

Ga abin da na yi. Da aka ɗauke ta, ni na ɗauki ɗayar jarkar a kafaɗa na bi bayan makara. A maƙabarta masu haƙa suka ce a kawo ruwan kwaɓa ƙasa, wani ya nufi rijiya. Na ce a bari, ga shi na zo da shi. Na juye duka, na kwaɓa da hannuna, da ita aka liƙe itacen kabarin. Ko ta wanka, ko ta ƙasa, ruwan garinsu ya same ta. Iyakar abin da na iya ke nan.

Allah ya jiƙan Kaka Aisa, ya sanyaya makwancinta. Ya yafe mata, ya yafe mini. Allah ya shayar da ita daga Alkausara, ya sa ta kurɓa ta ce yauwa. Amin.