Fuskar da Isiyaku Ya Ara

Isiyaku mutumin Gumel ne, mai gyaran iyakwandishan. Lokacin da na san shi, a 2014, shekararsa goma sha takwas a Riyad, ni kuwa ina aji biyu a jami'a, ina karatun Hadisi. Baƙi ne wuluk, ga faɗin ƙirji. Larabcin kan titi kuwa, wallahi ko 'yan gari sai sun saurara masa. Ni nawa na littafi ne, in na je sayen burodi sai ka ce huɗuba zan yi, shi ya sa yake kira na Limamin Kanti.

Burinsa ɗaya ne, ya kawo matarsa Zaituna. Shekara goma sha ɗaya da aure, in aka haɗa kwanakin da suka yi tare ba su cika shekara biyu ba. Da ƙyar ya sami izinin kawo iyali, saura gida. Ya yi ta buga waya gidajen haya a unguwar Malaz. A waya sai maraba, "Hayyakallah, taho ka gani." Yana zuwa a dube shi sama da ƙasa, a ce ai an kama tun jiya. Sau tara ana yi masa haka.

Ni kakata ta wajen uwa Balarabiyar Kano ce, farinta na ɗauko. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Na zaci kowa ya ɗaga hannu tasi tsayawa take. Na zaci kowa ake ce wa "ya ustaz". Kai, na yi wauta!

Wata Juma'a bayan an sauko, ya ce, "Malam Nu'uman, aron fuskarka nake so."

Na yi dariya, shi bai yi ba.

Gidan da aka hana shi a wani bene ranar Talata, ni aka ba ranar Asabar, har da gahawa da dabino. Aka rubuta takardar haya da sunana. Ranar tarewa mai benen ya ga Isiyaku ɗauke da katifa, Zaituna na biye da shi, ya tambaye ni su wane ne waɗannan. Na ce direbana ne da matarsa, za su kula mini da gidan, ni karatu ya riƙe ni a makaranta. Isiyaku yana tsaye yana ji, katifa a ka.

Daga nan duk Juma'a sai ya ɗauko ni in nuna fuska. A gaban mai gadi ya buɗe mini ƙofar mota, motarsa fa, ya ɗauki jakata. Da farko da wasa yake yi, yana raɗa mini, "Ranka ya daɗe, Limamin Kanti." Daga baya wasan ya mutu. Matan maƙwabta kuma suka fara ƙwanƙwasa wa Zaituna, wai in ta gama aikin uban gidanta ta zo ta wanke musu banɗaki. Malamar firamare ce a Gumel. Ta rufe ƙofa ta yi ta kuka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wata rana muka iso babu mai gadi, babu kowa, amma na zauna ina jira a buɗe mini. Ya juyo ya dube ni, ya fita ya zagayo ya buɗe.

A 2017 na gama karatu, iƙamata, wato takardar zama, za ta ƙare. Muka je wurin mai benen tare, na faɗi gaskiya. Na ce, "Shi ne mai gidan, ni ɗalibi ne kawai. Babu iyakwandishan a benen nan da bai gyara ba." Mutumin ya ce wallahi ya san Isiyaku mutumin kirki ne, amma maƙwabta sun yarda da direba ne, ba su yarda da maƙwabci ba. Ya ba shi wata ɗaya ya tashi.

Isiyaku ya sake buga waya gida shida. Duk an kama. Zaituna ta koma Gumel da cikin wata biyar, shi kuma ya koma ɗakin da ya bari, su bakwai a ciki.

Shi ya kai ni filin jirgi. Na yi sauri na buɗe wa kaina ƙofa, na kai hannu zan ɗauki jakata, na ce, "Don Allah Yaya, bar mini."

Ya riga ni. Ya ce, "Bari, Malam. Ai na saba."