Ta Sha Ɗaya a Ƙungiyar Baba

Wata Asabar ce ta watan Yuni, shekarar da na cika sha biyu. Ina tsaye a bakin wani fili mai ciyawa a wani ƙauye da ke arewa da Lyon, gonakin inabi sun kewaye mu ta ko'ina. Kawu Nadim, wani Bapakistane abokin mahaifina, yana durƙushe a gabana yana ɗaura mini kariyar ƙafa ta manya, wadda ta taso daga idon sawuna har kusa da ƙuguna. Farar rigar da aka ara mini ta sauko har gwiwa, hular kwanon kuwa sai da aka cusa tawul a ciki kafin ta zauna a kan kallabina. A tsakiyar filin mahaifina yana tsaye, ya dogara da katakon bugunsa, yana jirana. Ni kuma idona yana kan agogon cocin ƙauyen, domin a daidai lokacin Mama tana tashar jirgin ƙasa a Lyon da tikitin Paris guda biyu a jakarta, ita ma ni take jira.

A Vénissieux, kusa da Lyon, aka haife ni, a unguwar Minguettes, hawa na sha huɗu na wani dogon bene wanda asansar ɗinsa, wato injin hawa da sauka, ya fi zama a lalace fiye da a gyare. Mama 'yar Damagaram ce, Baba kuma Bazazzagi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Ramatu, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Daga Litinin zuwa Juma'a yana ɗaga kwalaye a wani babban sito, inda ake ce masa Isaac saboda wai Isiyaku ya yi musu nauyi a baki. Da yamma yakan dawo shiru, ya yi sallah, ya ci abinci, ya kwanta. Amma da zarar Asabar ta waye sai ka ce an canza shi. Tun yana makarantar kwana wani malami Ba'indiye ya koya masa wasan kurket, kuma da ya zo Faransa, ƙasar da ba wanda ya damu da wasan, sai da ya bi diddigi har ya gano wata 'yar ƙungiya da wasu tsofaffin Turawan Ingila suka kafa a wannan ƙauyen. Tsofaffin suna gajiya, 'yan Pakistan da 'yan Sri Lanka masu aiki a Lyon suna cike gurbinsu, har aka wayi gari Baba ne kyaftin. A wannan filin har likitan ƙauyen, Bafaranshe mai furfura, idan Baba ya nuna masa wuri da yatsa, da gudu yake tafiya ya tsaya.

Mu a gida kurket aiki ne. Daren Juma'a ni ke goge fararen kayansa, kuma idan ya ga koren ciyawa ya rage a gwiwar wando sai an sake wankewa. Akwai wata al'ada a wasan: idan aka kai rabi sai a dakata a sha shayi, kuma masu masauki ne ke ciyar da baƙi. Matan Turawa a da biredi suke yankawa. Da aka zo kan matar sabon kyaftin, Mama ta ce ita ba ta ba baƙo sanyin biredi, ƙosai za ta yi. Tun daga nan ta ɗaure kanta, domin ƙungiyoyi daga nesa suka riƙa tambayar ƙosan kafin ma su tambayi filin. Ni ke surfa waken da asuba, ni ke riƙe kular a bayan mota, ni ke jera kofuna a kan tebur. Mama ba ta zuwa, tana gida da ƙanena jariri, tana kallon titi daga taga. Ni kuwa daga hantsi har yamma ina ƙauyen da babu yaro ko ɗaya sa'ana, babu bas ranar Asabar, babu shago a buɗe. Nakan zauna a gindin wata bishiya ina tsinke ciyawa, ina kallon manyan mutane cikin fararen kaya suna tsaye kamar masu jiran wani abu da ba ya zuwa. Ranar Litinin a lekol, wato makaranta, ƙawayena suna labarin iyo da bukin ranar haihuwa, ni ban da abin faɗa. Wace yarinya za ka yi wa bayanin wasan da ake yini guda ana yi?

Abin haushin shi ne na iya wasan. Tun ina 'yar shekara biyar Baba ke fitar da ni dogon lungun da ke tsakanin ƙofofin hawanmu, ya ajiye kwandon shara a bayana, ya ba ni ƙaramin katako, ya riƙa jefo mini ƙwallon tanis har maƙwabta su buga bango. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Ki kai katakon gaban ƙwallo kamar kina rufe ƙofa." Na rufe ƙofar nan sau ba adadi, ba don ina so ba, sai don in na rufe da kyau yakan bar ni in koma ciki da wuri.

A wannan watan ne Tanti Zuwaira, ƙanwar Mama da ke zaune a Goutte d'Or a Paris, ta haihu, aka sa suna ranar Lahadi. Ban taɓa zuwa Paris ba. 'Ya'yanta sun sha cika mini kunne a waya cewa a unguwarsu ana jin Hausa a kan titi, ana sayar da kilishi, kuma yara suna fita su kaɗai su zaga kasuwa. Mama ta kai ni wurin wani tela a unguwar Guillotière aka ɗinka mana anko, riga da siket na shuɗiyar atamfa, na rataye nawa a jikin ƙofa ina kwana ina kallonsa. An shirya za mu hau jirgin yammacin Asabar. Baba ya ce in raka shi da ƙosai kawai, da an sha shayi zai sa a kawo ni tasha. Mama ta dube shi ta ce, "Malam, ka kawo mini ɗiyata a gar, tashar jirgi, kan lokaci." Ya ce in Allah ya yarda.

Da muka isa sai aka ce ɗaya daga cikin 'yan wasanmu an kira shi aiki. Mutum sha ɗaya ake bukata, mun zama goma. Baƙin kuwa wata ƙungiya ce daga Paris da ba mu taɓa cin ta ba, sun cika ƙaramar bas sun zo. Ana iya yin wasa da goma, na sani, amma Baba ya ce ba ya tarbar baƙi da gurbi. Ya kira ni gefe ya ce, "Uwata, tsayawa kawai za ki yi can wajen inabi. Ba abin da zai zo wurinki." Na tsaya, rana ta gasa ni, baƙi suka gama bugunsu, aka sha shayi, ƙosai ya ƙare tas. Na ɗauki jakata. Sai ya ce in ɗan dakata, ai na sha ɗaya ba a cika kaiwa gare shi ba, yanzun nan za su gama ya kai ni da kansa. Makullin motar yana aljihun farin wandonsa, ya shiga fili da shi.

Ga yadda wasan yake, ga wanda bai sani ba. Masu bugu biyu ne ke shiga a lokaci ɗaya, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, kowa da sanduna uku a kafe a bayansa. Mai jifa yana neman ya kayar da sandunan, mai bugu yana kare su, in ya buga ƙwallon ta yi nisa sai su biyun su yi gudu su canza wuri, a ƙirga musu maki. Wanda aka fitar sai wani ya shigo. Amma ba a bugu mutum ɗaya. In aka fitar da goma, wanda ya rage, ko da shi ne gwanin duniya, ko da ba a taɓa sandunansa ba, dole ya saɓa katakonsa ya fito, wasa ya ƙare.

Ina zaune a kan kular ina kallo, mutanenmu suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya kamar an yi musu baki. Likita ya shiga ya fito. Kawu Nadim ya shiga yana murmushi ya fito yana zagin kansa da yarensu. Baba ne kaɗai ya kafe, yana tara maki a hankali. Agogon coci ya buga, na lissafa, na ga in an tashi yanzu muna iya kama jirgin. Can cikin rumfa ina jin wayar Baba tana kuka a jakarsa, domin doka ce tasa ba a shiga fili da waya. Sai na tara ya fita, kowa ya juyo ya dube ni.

Na taka zuwa tsakiyar filin da ƙyar, kariyar ƙafa tana karo da juna. Baba ya tarye ni, gumi ya jiƙe masa gemu, ya ce a hankali, "Saura kaɗan, Uwata. Ba na so ki buga komai. Ki rufe ƙofa kawai, sauran nawa ne." Na je na tsaya gaban sandunana, kuma a nan ne na gane abin da ke hannuna. In na ɗaga katakon nan kaɗan, ƙwallo ta wuce ta ƙasa, wasa ya ƙare. Ba wanda zai zarge ni, yarinya ce tsakanin ƙarti. Za mu shiga mota, in kwana a Paris. Wallahi na so in ɗaga shi, ban taɓa son wani abu kamar yadda na so hakan ba.

Mai jifan wani dogo ne mai gashin baki. Ya dube ni ya yi dariya, ya jefo ƙwallon a hankali kamar yana miƙa wa jariri lemo. Wannan dariyar ce ta fara ɓata mini lissafi, na rufe ƙofa da haushi. Ya ƙara ƙarfi, na sake rufewa. Sai na ɗaga ido na hango Baba a ɗaya ƙarshen. Ban taɓa ganin fuskarsa haka a gida ba. Mutumin da ake kira da sunan da ba nasa ba duk mako, ga shi tsaye kowa na kallonsa, kuma tsayuwar tasa duk a hannuna take. Yana dabara ya riƙa karɓar yawancin jifan, yana kira, "Uwata, zo!" ko "Uwata, tsaya!", ina gudu ina haki, amma dole wasu su zo kaina. Duk wadda ta zo sai in ce a raina wannan zan bari. Duk wadda ta zo sai hannuna ya ƙi. Agogon coci ya sake bugawa ina tsaye a wurin, na san jirgi ya tafi.

Mun ci wasan. Baba ya buga ta ƙarshe har cikin inabi, mutanenmu suka kwaso da gudu suka ɗaga shi sama, Kawu Nadim ya cire mini hular kwano ya ga hawaye shaɓe-shaɓe, ya ɗauka na murna ne. Mama ta jira har aka kusa rufe ƙofofi, sannan ta hau da jariri a baya da ankona a cikin akwati. Da ta dawo ranar Litinin ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mini cincin da naman suna a leda, ta dubi Baba ta ce, "Malam, kai ka samu mai tsaya maka. Ni fa, wa ka bar mini?" Ankon kuwa har ya yi mini kaɗan ban sa shi ko sau ɗaya ba.

Da an fitar da ni ranar nan da na huta. Amma na tsaya, don haka daga wannan Asabar ɗin na zama ta sha ɗaya a ƙungiyar Baba, aka sayo mini kariyar ƙafa daidai ni. Duk bazara, duk mako, har na gama sakandare. Na sha cewa na gaji, sai ya ce to, ranar Asabar kuma in gan shi a bakin ƙofa yana juya makulli a hannu, sai in tashi in sa fararen kayan. Lokacin da za a zaɓi jami'a ban duba ko ɗaya a Lyon ba. Na tafi Paris, na je Goutte d'Or da ƙafata, na same ta 'yar unguwa mai cunkoso da ƙananan shaguna, ban ma ga kilishin ba ranar.

Yanzu a Paris nake aiki, Asabar ɗina tawa ce, ba mai tambayata. Ƙungiyar ta watse tuntuni, tsofaffin sun mutu, 'ya'yan su Kawu Nadim ƙwallon ƙafa suke yi, filin kuma an mai da shi wurin ajiye motoci. Mama ta rasu, Allah ya jiƙanta, ƙanena yana aiki a wata ƙasa. Baba yana nan a hawa na sha huɗu, gwiwoyinsa sun ƙi, asansar ɗin bai canza hali ba, wani lokaci sai ya yi mako bai taka ƙasa ba. Yana zama a kujerar da Mama take zama, a bakin tagar da take kallon titi, katakonsa a jingine a bayan ƙofa. Duk safiyar Asabar nakan hau jirgin nan da na rasa, amma ta ɗaya ɓangaren, daga Paris zuwa Lyon, da ƙosai a kula, ko da yake nawa bai kai nata ba. Wani lokaci a tasha nakan ji kamar in juya in koma, ba zan ɓoye ba. Makon jiya ina wanke masa kofuna ya ce, "Uwata, ba sai kin zo kowane mako ba. Ki zauna ki huta, ai kin yi." Na ce masa to, na ji. Da zan tafi na sayi tikitin mako mai zuwa. Shi kaɗai ya rage a filin, ni kuma har yanzu ban ɗaga katakon ba.