Ramar da Na Yi Raino a Danau Kota

A shekarar da korona ta kulle duniya ina ɗalibi a Kuala Lumpur, ɗan birni da bai taɓa riƙe fartanya ba, sai iya cin abin da wasu suka noma. Ni da wani abokin karatuna muke zaune a wani dogon bene a Danau Kota. Ya tafi wata jiha ziyarar kwana uku, aka hana zirga-zirga, ya maƙale a can. Sai ya kira ni ya ce akwai tukwanen shuka huɗu a kabad ɗin ɗakinsa, in taimaka in riƙa ba su ruwa, ina kunna musu fitila ina kashewa. Da na buɗe na ga ganye mai yatsu-yatsu, murna ta kama ni, na tambaye shi ko rama ya shuka. Ya ce e, rama ce. Na ce me ya kai rama kabad, ya ce ranar Malesiya ce ba ta karɓe ta ba. Wallahi na yarda.

Ban taɓa yi wa wani abu hidima kamar shukar nan ba. Ba makaranta, ba masallaci, ko abinci sai dai ka sayo a leda ka dawo ɗaki, don haka ita ce abokiyar hirata. Ina goge mata ganye, ina tsince busassu, ina ɗokin ranar da zan kwaɗa ta da ƙuli-ƙulin da na taho da shi daga gida. Da ta fara fure sai wani wari ya cika gidan, har dattijuwar da ke maƙwabtaka da mu ta tambaye ni wane irin turare 'yan Najeriya ke ƙonawa. Na ce mata kayan miyarmu ne, har da alkawarin zan ɗanɗana mata.

Son a yabe ni ne ya cece ni. Na kira mahaifiyata ta bidiyo don ta ga ɗanta ya zama manomi. Ta sa na matso da wayar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Auta, na tsufa ina shuka rama a bayan gida. Furenta rawaya ne, buɗaɗɗe, mai jan ciki. Wannan ba rama ba ce. Rabu da ita kafin ta raba ni da kai."

Nan take na gane. Ashe wiwi nake raino, a ƙasar da shuka shi ke kai mutum kurkuku har tsufansa, kuma ni kaɗai ne a gidan. Ga shi a makon an ce ma'aikatan lafiya za su bi benenmu ƙofa-ƙofa don gwaji. Ranar na tuge su duka na lalata, na wanke kabad ɗin sau uku. Da na sanar da abokina, ya kira yana kumfar baki wai saura ƙiris a girbe. Na ce ya yi haƙuri, ranar Malesiya ce ba ta karɓe ta ba. Ana ɗage kulle na bar gidan, na koma unguwar Cheras da zama.

Yau dariya nake yi, amma na san ƙiris ya rage karatuna da rayuwata su salwanta saboda kwaɗayin kwaɗo. 'Yan uwana masu karatu a waje, kada ku karɓi amanar abin da ba ku san ko mene ne ba, musamman wanda mai shi ya ɓoye a kabad. Har yau in mahaifiyata ta kwaɗa rama, sai ta turo min kwano ta ce malamin gona ya fara dubawa.