Guguwar da na sa a bayan Baba

Shekarar da na fara aiki a wani shagon hoto a unguwar Zariya, na gano wani abu da ake ce wa turbiyon cikin ordinatar, wato kwamfuta. Sai ka zaɓi wani ɓangare na hoto, ka ja maɓalli dama ko hagu, wurin ya murɗe kamar an dama fura da ludayi. 'Yan mata suna son shi a bayan hotunansu na salla. Ni kuwa na zama sabon shiga ya fi ɗan gari zaƙewa, ko hoton rago aka kawo sai na murɗa masa bango.

Hoton mahaifinmu guda ɗaya ne a duniya. An ɗauke shi a gonarsa ta Jiratawa, yana tsaye gaban zogale, kafin ciwo ya sa mu koma gidan kakanni a Tsibiri. Bayan rasuwarsa hoton ya daɗe rataye a ɗakin Inna, har ɗigar damina ta shige shi ya manne da gilashi. Na ce ta ba ni in gyara in ƙara masa girma. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Sai ta kwance wani kallabi ta naɗe shi ta ajiye a gabana.

A shago na kwafe shi cikin ordinatar da gilashinsa. Daga nan karambani ya sa na ce bari in ɓamɓare takardar, ta yage gida uku, rabin hoton ya bi gilashi. Ban damu sosai ba tunda ina da kwafi. Na share tabon ruwa daga fuskarsa da rigarsa. Can baya, ta kafaɗarsa ta hagu, akwai wani duhu-duhu tsakanin itatuwa da na ɗauka shi ma tabo ne. Maimakon in zauna gogewa, na zaɓi bayan duka na murɗe shi. Ya yi kyau a idona. Na ajiye sabon a kan tsohon kwafin cikin ordinatar, tsohon ya shafe, abin da ake hana kowane ɗan koyo tun ranar farko.

Ranar Juma'a na hau babur na kai mata, ina ji da kaina. Ta riƙe hoton nesa da ido.

"Kai, mi ka yi mashi? Wa ya sa shi cikin guguwa?"

Sai a lokacin na tuna ma'anar turbiyon da na koya tun a lakwal, wato makarantar boko: guguwa ke nan da Faransanci. Mu kuma a gidanmu guguwa ba abin ado ba ce, in ta taso addu'a ake yi a kauce mata. Na fara bayani, wai zamani ne, wai tabo na ɓoye.

"Wane tabo?"

Na nuna mata wurin.

"Wanga ba tabo ba ne," in ji ta, tana duban ƙasa. "Mai hoto ya ce in zo in tsaya kusa da shi. Ina ni ina tsayawa kusa da shi gaban mutane? Sai na tahi can baya."

Shekara nawa ina wucewa ta gaban hoton nan, ban taɓa sanin su biyu ne a ciki ba. Na ji kunya, na kuma ji haushin kaina ƙwarai.

Washegari na buɗe hoton, na zaɓi daidai wurin da na zaɓa, na murɗa shi hagu gwargwadon yadda na murɗa shi dama. Sau da yawa na gwada kafin itatuwan su miƙe. Abin da ya dawo bai kai na da ba: zane mai duhu, da alamar kai da aka sunkuyar, babu fuska ko kaɗan. Na wanke shi haka, na koma Tsibiri ina shirya kalaman ban haƙuri a hanya.

Ba ta bari na fara ba. Ta duba, ta shafa wurin da ɗan yatsa.

"To, madalla," ta ce. "Dama can iyakar abin da ya hita ke nan. Rataye mu."