Bijimin da Murtala Ya Ɗora a Waya

Murtala dillali ne a kasuwar shanun Mubi, kamar yadda ubansa ya kasance tun da ya baro ƙasar Katsina da sanda da buta. Bai gaji garke ba, bai gaji gida ba. Abin da ya gada turke ne a gefen kasuwa, sai kuma Hammanjoda.

Hammanjoda Bafillace ne na Wuro Patuji, dogon dattijo da ba ya son yawan magana. Tun zamanin uban Murtala ba ya ɗaure dabbarsa a turken kowa sai nasu, kuma inda ya ɗaure, nan ƙannensa da surukansa suke ɗaurewa. Wanda bai san dillanci ba gani yake surutu ne jarin dillali. Ko kusa. Jarinsa shi ne mutum guda irin wannan, wanda in ya yarda da kai rugage sun yarda, in ya juya maka baya ka nemi wata sana'ar. Murtala ya san haka sarai.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari, kowa ya fita da rigar jikinsa. Murtala da matarsa Sadiya da 'ya'yansu sun bi daji da ƙafa, kuma a rugar Hammanjoda suka fara samun abin sa wa a baki kafin ya nuna musu hanya. Suka ƙare a Yola, a zauren yayan Sadiya, inda Murtala ya koyi yadda magidanci yake cin tuwon wani yana sunkuyar da kai. Ita Sadiya ba ta zauna ba. Ta ga matar yayanta tana ɗaukar hoton mayafai tana turawa a waya, mata suna aiko da yara suna karɓa. Ta zuba ido har ta iya.

Da suka dawo Mubi, kasuwa ta dawo ita ma, amma da ɗingishi. Fataken kudu da suka saba cika manyan motoci suna tsoron hanya. Sai Murtala ya yini a rana yana yabon saniya ga mutanen da suka zo kallo. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Baban Khadijat," in ji Sadiya wata rana tana ninke kaya, "in masu saye sun ƙi zuwa wurin shanu, ai sai shanun su je wurinsu."

Ya yi dariya, ya ce saniya ba mayafi ba ce, sai an taɓa ta an duba haƙora. Amma da gari ya waye shi ne ya riƙe wayar yana tambayar inda ake dannawa. Ta buɗe masa shafi a Fesbuk, ta koya masa ɗaukar dabba ta gefe da hantsi don tozo ya fito, da rubutu kaɗan, da amsa wa mutum tun bai huce ba. Mutumin da ya yi shekaru bai yi mafarkin komai ba sai ga shi yana maganar Fatakwal da Legas. Zai daina dillanci, in ji shi, zai zama mai loda mota da sunansa a jiki. Har wurin da zai gina ofis ya nuna wa Sadiya. Ita kuwa ta ce ya fara sayar da akuya tukuna.

Ana haka Hammanjoda ya kawo wani farin bijimi, ƙato, ƙahonsa na hagu ya lanƙwasa ƙasa, da kanta a wuyansa irin ta dabbar da ta taɓa jan garma. Murtala ya gan shi ya ce yau shafinsa ya sami sarki. Ya san dattijon ba zai yarda ba. Mutumin da ko yabon saniyarsa aka yi da ƙarfi sai ya ɓata fuska don tsoron baki, shi za a ce a nuna wa duniya dabbarsa? Sai ya bari dattijon ya tafi alwala, ya ɗauki hoton a gurguje, ya ɗora. A ransa ya ce in ciniki ya faɗa, ai ba mai tambayar ta ina.

Wayar kuwa ta yi ƙara, amma ba daga Fatakwal ba. Muryar mace ce, dattijuwa.

"Kai ne mai shanu na Mubi? Sunana Miriyamu, daga Vimtim. Yarinyana Margret ya nuna mini hoto. Wannan bijimi na maigidana ne."

Murtala ya ce shanu suna kama da juna, Mama. Ta ce ya duba bayan ƙafar dama, akwai tabon garma. Ya zagaya ya duba. Yana nan.

Da kasuwa ta zagayo, bijimin bai sayu ba, sai ga Miriyamu ta sauka daga motar Yola, inda take zaune tun gudu, siririyar mace da jakar leda. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta tsaya daga nesa ta kira wani suna da yarensu, bijimin ya ɗaga kai daga harawa ya ja igiya zuwa wurinta. Ta dafa wuyansa ta fashe da kuka. Mijinta Ishiyaku ya koma kwance shanunsu ne ranar gudu, kuma daga shi har su ba wanda ta sake gani sai yau.

Kasuwa ba ta raina abin kallo. Kafin ka ce me, an kewaye su, aka kai maganar gaban sarkin kasuwa. Aka tsayar da Hammanjoda a tsakiyar mutane, da furfurarsa, ana tambayarsa inda ya sami dabba. Ya faɗa a hankali. A bakin mayo, wato rafi, ya tsince shi bayan gudu, haƙarƙari a waje, ƙafa ta ruɓe. Ya yi cigiya, amma wa zai ji cigiya a garin da babu kowa? Ya yi masa magani, ya kiwata shi damina biyu. Duk wanda ya san shi ya san gaskiya ya faɗa. Sai dai wani sakarai daga baya ya ce, "Haka dai ɓarayin shanu suke cewa." Aka yi masa tsawa, amma kalmar ta riga ta fita, kuma kowa ya ji.

Sarkin kasuwa ya yanke cewa bijimi na matar ne, ita kuma ta ba da ladan kiwo. Hammanjoda ya ɗaga hannu ya ce ba ya so. Da kansa ya kwance igiyar ya miƙa mata, ya yi mata gaisuwar mijinta. Sannan ya juyo.

"Murtala, da wannan mata ya zo rugana ya yi sallama, wallahi zan ba shi, har da nono na sha a hanya. Amma kai ka sa ni a waya, ka tsayar da ni a kasuwa. Babanka bai taɓa yi mini haka ba."

"Baffa, ka yi haƙuri, ciniki na nema maka."

"Ka tambaye ni?"

 Har yau in Murtala ya tuna, ba ya iya cewa ya yi nadama, don ya ga fuskar Miriyamu. Kuma ba ya iya cewa bai yi ba. Wannan ne yake cinsa.

Labari ya bazu, shafinsa ya cika da mutane fiye da yadda ya taɓa fata. Sai dai babu mai saye a cikinsu. Daga Michika, daga Yola, daga hayin Kamaru, kowa tsohon hoto yake turowa ko kwatance: jar saniya mai tsagaggen kunne, karsana mai farin goshi, don Allah in ka gani. A kasuwa kuwa, da ya ciro waya daga aljihu sai makiyaya su juya dabbobinsu. Sadiya ta ce ya rufe shafin su huta. Ya ce to, bai rufe ba.

Ranar kasuwa ta gaba ya share gindin turke tun da safe, ya zuba harawa, ya zauna. Can ya hango Hammanjoda da ƙannensa da surukansa, shanu a gaba, ƙura a baya. Dattijon ya zo daidai shi ya yi sallama, ya tambayi Sadiya da yara ɗaya bayan ɗaya, bai rage komai daga gaisuwar ba. Sannan ya wuce ya ɗaure a turken wani dillali, Jatau, sauran suka bi shi.

Murtala ya daɗe yana kallon harawar da ba mai ci. Wayar ta motsa a aljihunsa. Wani tsoho ne daga Mayo Bani yake cigiyar baƙar saniya mai guntun wutsiya. Ya karanta, ya share gumi, ya miƙe da ƙyar ya shiga cikin shanun mutane yana duba wutsiyoyi.