Ƙofar da Sitti ta shiga

A gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka akwai dokar da ake koya wa yaro tun bai haddace Fatiha ba: in ka ɓace a Harami, ka koma ƙofar da ka shiga, ka zauna, kada ka motsa. Baba ne ya kafa ta. Duk shekara yana jagorantar alhazai a Mina, yana gaba da laimarsa ruwan ɗorawa a ɗage sama, mutane suna bin ta cikin cunkoso.

Da wannan laimar ya tafi Sikotlan, shekarar da Yayana ya kammala karatu a can. Mu uku muka je bikin: Baba, da mahaifiyarsa da muke kira Sitti, da ni. Ni ce ke riƙe wa Sitti jaka, ni ce kuma ke tuna mata lokacin allurarta ta ciwon suga. Bebiya take kirana, don sai a yi wuni a gida ba a ji muryata ba.

Kwana uku Yaya yana yawo da mu cikin ƙananan garuruwa masu gidajen dutse launin toka. Kowane gari da kangonsa, ko fada ko coci, ba rufi, an share, an aske ciyawar tas. Abin ya ɗaure wa Sitti kai. A Makka in gida ya tsufa ba ya daɗewa a tsaye, gidan da aka haife ta ma yanzu titi ne. Ta yi ta tambayar Yaya wa ke share wa matattu tsakar gida.

Rana ta huɗu ya kai mu bakin teku. Can gaba akwai ɗan tsibiri mai kufai, siririyar hanyar siminti ta ratsa duwatsu da yashi har zuwa gare shi. Yaya zai koma makaranta karɓo rigar biki, don haka ya sauke mu.

“Baba, don Allah ku dawo kafin ƙarfe biyu. Ruwa yana rufe hanyar nan.”

Baba ya ɗaga kai. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu.

“Wane ruwa? Ka ga hadari?”

“Ba na sama ba, Baba. Teku ce.”

“Ya waladi, ɗana, ni da nake fitar da jama'a daga Mina za ka koya wa dawowa? Yalla, tafi.”

A wurinmu ruwan da ke cin hanya ɗaya ne, wanda ke gangarowa daga duwatsu bayan an yi ruwan sama, muna ce masa sel. In ba hadari, ba sel. Sai da motar ta ɓace na tuna jakar allurar Sitti tana kujerar baya. Na lissafa, sai la'asar za ta buƙace ta. Ban faɗa wa kowa ba.

Hanyar tana da santsi, koriyar gansakuka ta manne a gefenta. Wajen tsakiya na ga wani baƙin dutse mai kama da turmi a kife, samansa a bushe, farin tsuntsu a kai. Na so in nuna wa Sitti, amma tana ta fama da iska da abayarta.

Kufan gidaje ne da ƙaramin coci. Yawancin katangun iya gwiwa suke. Baba ya tsallake ta farko kusa da allon bayani, na bi shi. Sitti ta ja ta tsaya.

“Ni ba na shiga gidan mutane ta katanga.”

“Inna, masu gidan sun daɗe a ƙasa.”

“Shi ya sa. Ba su nan balle su hana ni.”

Ta zagaya. Baba ya riga ya ciro waya yana ɗaukar hoto, ni kuwa na bi ta da ido. Ta gangara ɓangaren teku, bayan wata katanga da ta fi sauran tsawo, ta sami ainihin ƙofar, wadda dokinta ya lotsa a tsakiya saboda sawu. Na ga bakinta yana sallama. Ta sa ƙafar dama ta shigo.

Muka ci burodi da dabino. Sitti ta ce a bar ta ta ƙirga ɗakunan, mu mu hau tudu wurin hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa. Muna hawa, 'yan Turawan da muka tarar suna sauka, suna duba agogo. Wata mata ta yi mana magana tana nuna teku. Baba ya yi mata murmushi ya ɗaga hannu. Na ji abin da ta ce, turancin makaranta ya ishe ni, amma na kasa ɗaga kai.

Daga sama na waiwaya. Tsuntsun ya tashi. Dutsen nan mai kama da turmi ya zama kamar faranti.

“Baba, ruwan yana ƙaruwa.”

Ban san ko ya ji ba. Ya ɗan kalli sama, ya ci gaba da yi wa abokan aikinsa bayani a bidiyo. Na tsaya ina kallon farantin har ya koma kamar kwabo. Na ja hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi ba.

Wannan karon ya duba inda nake nunawa. Yashin da ke gefen hanyar ya tafi. Agogonsa ya ce biyu da minti goma.

Muka gangaro da gudu. Sitti ba ta inda muka bar ta.

“Inna! Inna!”

Iska ta kwashe muryarsa. Ya ruga wurin allon bayani inda muka tsallako, ba ta can. Ya leƙa hanya, ba kowa a kanta, ruwa ya fara lasar gefenta. A nan na faɗa masa allurar tana mota. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Yaya ya taɓa cewa in hanyar ta rufe sai bayan awanni masu yawa take buɗewa, ga sanyi, ga shi duk tsibirin ba rufi ko ɗaya.

Ya cusa mini laimar a hannu, ya ce in tsaya nan, ya nufi gefen tsibirin inda ƙasa ta yanke ta faɗa teku. Na san abin da yake tsoro.

Na tsaya, kamar yadda doka ta ce. Sai dokar ta dawo mini da muryar Sitti, don ita ma ta sha maimaita mana ita. In ta neme mu ba ta gan mu ba, ba za ta yi yawo ba. Ƙofar da ta shiga za ta koma. Baba ya duba inda muka shiga, ita kuwa ba nan ta shiga ba.

Na bar inda aka ce in tsaya. Na tsallake katanga uku, na gurje gwiwa a ta huɗu. Tana zaune a kan dokin ƙofar, doguwar katangar ta ɓoye ta, ta naɗe ƙafa, carbi a hannu, leɓunanta sun yi fari.

“Ai na san za ku zo. Ina ubanki? Shi ma ya ɓace ne?”

Baba ya yi nisa, ya ba mu baya. Na kira shi, ko ni ban ji muryata ba. Na cika ƙirji na sake kira har maƙogwarona ya yi zafi. Bai juyo ba. Sai na hau katangar na buɗe laimar. Iska ta kife ta nan take, ƙarafunanta suka miƙe sama, amma na riƙe da hannu biyu na ɗaga iya tsawona. Da ya juyo don ya canja wuri, ya gan ta. Bai tsaya tunani ba, ya taho.

Ya durƙusa gaban Sitti.

“Hau, Inna.”

“A gaban yarinya?”

“Inna, hau!”

Da muka sa ƙafa a hanyar, ruwan yana idon sawu, sanyinsa kamar wuƙa. Ba a ganin siminti sosai. Baba ya tsaya, Sitti a bayansa, bai san ina gefe yake ba. Ni na san gansakukar a gefe take, tsakiyar kuma fara-fara ce. Na wuce gabansa ina dogara laimar.

“Baba, bi ni. Taka inda na taka.”

A tsakiya ruwan ya kai mini ƙwauri, yana jan abayata gefe guda. Baƙin dutsen babu shi. Ina jin numfashin Baba a bayana, da Sitti tana hasbunallahu ba tsayawa. Sau ɗaya ya zame, ta yi ƙara, takalminta ɗaya ya faɗa ruwa. Ban juya ba. Na tsaya cak har na ji ya sake cewa, “Mu je.”

Yaya ya shigo ruwa da wandonsa na biki ya tare mu. Yana faɗa da Larabci, yana kuka da Hausa. Ya karɓi Sitti ya sa ta a mota, ya kunna mata zafi. Na buɗe jakar na miƙa mata allurar.

Da na fito, Baba yana tsaye yana kallon inda muka biyo. Babu hanya, ruwa ne shimfiɗe har tsibirin. Ya ɗaga kai ya dubi sama, har yanzu tas take.

“Tun yaushe kika gani?”

“Tun muna tudu.”

“Kika yi shiru?”

“Na faɗa, Baba.”

Na miƙa masa laimar, a kife, ƙarfe biyu sun karye. Ya juya ta a hannu, ya mayar mini.

Sitti ta sauke gilashi ta leƙo.

“Ke Bebiya, tunda bakin ya buɗe, je ki ce wa tekun nan ta ba ni takalmina.”